Wa Ya Biya?

Ranar da na ce wa Baba
halayyar ɗan Adam zan karanta,
allura na bakinsa. Ya zare ta,
ya soke a wuyan rigar da yake wa aska biyu,
ya ce, "Ukashatu, duba za ka koyo?
Ai ga Malam Ɗanjuma nan bayan masallaci, ba sai da boko ba."
Maɗinkan zaure suka kwashe da dariya.
Ni ma na taya su, don kada a ga idona.

Shekara biyu allura na ɗauke da ni
daga Kwarbai zuwa Samaru.
A ta uku yana ta rufe wa Baba idon dama,
zare ya daina gane kafarsa,
kuɗin rajista kuma ya yi tsalle
kamar akuyar da ta hango wuƙa.
Na ɗaure littattafaina a buhun taki,
na fara tambayar nawa ake ba da babur haya a Kwangila.

Sai ga wata takarda a allon sanarwa,
ƙusa mai tsatsa riƙe da kunnenta:
tsofaffin malaman sashe, su biyar,
sun haɗa abin da ya sawwaƙa.
Sunana ne na uku, har da kuskuren harafi.
Na karanta shi sau bakwai,
na bar kuskuren yadda yake, kada a ce ba ni ba ne.

Masinjan ofis ne ya tsegunta mini sauran.
Kuɗin fansho ne, mai tafiyar hawainiya,
wanda ake bin layi a rana kafin a gan shi.
Farfesa Laraba ta sa ribar ƙwan kajinta.
Wani ya fasa gyaran rufin ɗaki, ga damina a ƙofa.
Farfesa Barau kuwa Fijonsa ya sayar,
wadda ta shekara tara a gindin mangwaro
kaji na yin ƙwai a kujerar baya.

Baba ya ce ba a godiya da baki kawai.
Wata guda ya yi yana lalube,
ya ɗinka hula da abin da yatsu suka tuna.
Layi ɗaya ya karkace. Ban gaya masa ba.

Na sami Farfesa Barau a Hanwa bayan la'asar,
zaune a kujerar roba, ƙafa ba takalmi.
Wannan ne fa mutumin da ake cewa
shekara talatin ya yi yana koyar da yadda ƙwaƙwalwa ke ajiya,
yadda take ɓoyewa, yadda take zubarwa.
Ya ce, "Kai ɗan wa ne?" Na faɗa.
Ya dubi gurbin da mota ta bari a ƙasa,
ya juyo ya ce, "Kai ɗan wa ne?"

Matarsa, Goggo Asabe, ta ajiye mini ruwa.
Ta ce, "Tun yana gane sa hannunsa ya sa.
Cewa ya yi a yi sauri
kafin ya manta dalili."

Jawabin da na haddace tun daga Ƙofar Doka
ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Duk abin da ke damunsa na san sunansa,
na ci jarabawa a kansa, har da yabo,
amma ba shafin da ya ce mini
ina ake kai godiya idan mai ita ya fita ya bar gida a buɗe.

Na miƙa hular.
Ya juya ta, yatsansa ya bi layin nan da ya karkace,
ya yi murmushi, ya kafa ta a ka.
Ya laluba aljihu, ya ce, "Nawa ne, yaro?"
Na ce, "An biya, ranka ya daɗe."
Ya ce, "Wa ya biya?"

Aka kira magariba.
Na riƙe masa buta.